Da'ira Mai Ɗigo Shida: Labarin Wani Malamin Lissafi

Ni malamin lissafi ne, a wannan sana'a na girma, kuma a cikinta furfura ta same ni. Idan aka tambaye ni abin da na fi amfana da shi a tsawon zamana gaban allo, ba zan ambaci wata ƙa'ida ko wata dabarar warware tambaya ba. Abin da zan ambata shi ne yadda na koyi zama da misali, wato sanin lokacin da ya dace in saurare shi da lokacin da ya dace in tsare shi da tambaya har sai ya faɗi dalilinsa. Na san labarin mutum ɗaya shi kansa misali ɗaya ne tak, saboda haka mai karatu yana da damar ya yi masa irin titsiyen da zan bayyana.

Tun ina yaro Allah ya hore mini hadda. Idan malami ya rubuta misali uku a allo, kafin ya kai ga na huɗu na riga na kama salon, kuma da wannan na riƙa cin jarrabawa ba tare da wata wahala ba. A wancan lokacin, a wurina da sauran abokan karatuna, tunani bai wuce gano salo a bi shi ba.

Wanda ya fara girgiza mana wannan fahimta wani dattijo ne mai sanyin magana da ya koyar da mu a sakandare. Wata rana ya zana da'ira a allo, ya ɗiga ɗigo biyu a gefenta, ya haɗa su da layi, ya tambaye mu yanki nawa da'irar ta rabu. Muka ce biyu. Ya sake zana wata da ɗigo uku, ya haɗa kowane ɗigo da sauran, muka ƙirga yanki huɗu. Mai ɗigo huɗu ta ba da takwas, mai ɗigo biyar ta ba da 16. Sai ya ajiye alli, ya karkaɗe hannunsa, ya ce, "To, mai ɗigo shida fa?" Ajin gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya, "Malam, 32 ne!" Bai ce mun yi daidai ba, bai kuma ce mun yi kuskure ba. Cewa ya yi kowa ya ɗauko takarda ya zana babbar da'ira, ya warwatsa ɗigon shida yadda layi uku ba za su haɗu a wuri ɗaya ba, sannan ya rubuta lamba a cikin kowane yanki don kada ya ƙirga ɗaya sau biyu. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar fensir. Wanda ya fara gamawa ya ce 31 ya samu, muka yi masa dariya. Na biyu ma ya ce 31. Wani ya goge zanensa ya sake, yana neman yankin da ya ɓuya masa a tsakiya, har takardar ta huje. Babu wanda ya sami 32, domin babu shi.

Da Malam ya tsaya a nan, da abin da za mu tafi da shi bai wuce tsoron misali ba, kuma tsoro ba ilimi ba ne. Washegari sai ya dawo da da'irar nan, amma a wannan karon ya hana mu ƙirga yankuna. Ya ce mu zuba ido a kan abin da ke faruwa a daidai lokacin da ake jan layi guda. Ya riƙa jan layin a hankali, yana tsayawa duk inda ya gitta wani layi da ya riga shi, yana tambayarmu, "Me ya faru da yankin da muka baro?" A nan muka gani da idonmu cewa duk layin da aka ja yana ƙara yanki ɗaya, sannan duk inda ya gitta wani layi yana ƙara wani yanki guda. Ke nan yawan yankuna shi ne ɗaya na asali, a tara da yawan layuka, a tara da yawan mahaɗarsu. Ɗigo biyar suna da layi 10 da mahaɗa biyar, jimla 16. Ɗigo shida suna da layi 15 da mahaɗa 15, jimla 31. Ba tare da mun zana komai ba muka lissafa cewa ɗigo bakwai, masu layi 21 da mahaɗa 35, za su ba da 57, alhali mai bin salon ninki zai ce 64. Ashe tun farko babu ruwan wannan da'ira da ninki. Katari ne kawai aka yi lambobin farko suka dace da shi, mu kuma muka ɗauki katari a matsayin doka.

Don kada mu yi wa kowane salo kuɗin goro, a makon ya kawo mana wani. Idan aka tara lambobin mara bi da bi, ɗaya da uku huɗu ne, a ƙara biyar a sami tara, a ƙara bakwai a sami 16, wato kullum murabba'i ake samu, ma'ana sakamakon ninka wata lamba da kanta. Wannan salo a ido bai fi na da'ira ƙarfi ba. Amma da ya jera ɗigo uku-uku sahu uku, ya nuna mana cewa kafin a mayar da su huɗu-huɗu sahu huɗu sai an ƙara uku a gefe, uku a ƙasa da ɗaya a kusurwa, wato bakwai, sai muka ga cewa wannan salon yana da dalili a ƙarƙashinsa, kuma dalilin ba zai gaji ba komai nisan lissafin. Salo biyu masu kama da juna, ɗaya ya karye a mataki na gaba, ɗaya ba zai taɓa karyewa ba, kuma yawan misalai ba zai iya bambance su ba. Abin lura kuma shi ne, a duka biyun, daga cikin misalin muka tono dalilin.

Da na shiga jami'a sai na tarar da kishiyar abin da na baro. A can hujja ce sarauniya, misali kuwa ana kallonsa kamar abin yara. Malami zai shigo ya rubuta ma'ana, ya rubuta ƙa'ida, ya cika allo da hujjarta cikin alamomi, ya fita ba tare da lamba ko ɗaya ta bayyana ba. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa da za su iya maimaita hujja mai shafi biyu ba tuntuɓe, amma idan ka ce su kawo abu guda da ƙa'idar ta hau kansa sai su yi zuru. A ganina wannan ma hadda ce, sai dai ta sa babbar riga. Abin da ya cece ni shi ne ɗabi'ar da dattijon nan ya dasa mini: duk ƙa'idar da aka ba mu, sai in koma gefen takarda in gwada ta da ƙananan lambobi, sannan in cire sharaɗi ɗaya daga cikin sharuɗɗanta in ga inda za ta rushe. Sau da yawa a wurin rushewar nan nake gane abin da ya sa aka gindaya sharaɗin.

A shekarun nan ne na san cewa abin da ya same mu a aji ya taɓa samun manya. A 1640 Fermat, masanin lissafin nan na Faransa, ya lura da jerin 3, 5, 17, 257 da 65,537, inda ake samun kowace lamba ta hanyar cire ɗaya daga wadda ta gabace ta, a ninka sakamakon da kansa, a mayar da ɗayan. Dukansu biyar ba sa rabuwa da komai sai da kansu da ɗaya, don haka ya kyautata zaton haka jerin zai ci gaba har abada, ko da yake ya faɗa cewa bai sami cikakkiyar hujja ba. A 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler ya nuna cewa ta shida, wato 4,294,967,297, tana rabuwa da 641. Euler ya kuma nuna cewa duk lambar da za ta iya raba ta dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya, abin da ya rage dubban lambobin da za a gwada zuwa 'yan ƙalilan, kuma 641 ita ce 64 sau goma da ɗaya. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin nazari ne ya nuna inda za a nemi misalin da zai rusa zaton. Har yau ba a sake samun ko ɗaya a jerin nan mai halin biyar ɗin farko ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, na karanta yadda Alkhawarizmi ya shimfiɗa ilimin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820. Ba shi da alamomin da muke amfani da su yau, da kalmomi ya rubuta komai, kuma da misali ya koyar. Ya ce murabba'in wata lamba da ninkinta goma sun tashi 39, wace lamba ce? Raba goma biyu ka sami biyar, ninka biyar da kanta ka sami 25, tara da 39 ka sami 64, saiwarta, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 64, takwas ce, cire biyar, saura uku. Bai tsaya a nan ba, sai ya zana murabba'i ya nuna dalilin kowane mataki, ta yadda mai karatu zai gane cewa ba goma da 39 ne suka sa hanyar ta yi aiki ba. Misali ɗaya ne, amma an buɗe cikinsa har ya ɗauki nauyin dukkan 'yan uwansa.

Lokacin da na fara koyarwa na ci karo da wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Zan warware tambaya a kan jiragen ƙasa biyu da suka tunkari juna, ɗalibai su ce sun gane, kuma da gaske idan na canza lambobin suna iya yi. Amma idan na kawo tambaya a kan famfo biyu da ke cika tanki ɗaya, wadda ƙashin bayanta ɗaya ne da ta jiragen, sai su ce, "Malam, ba a koya mana wannan ba." Abin da suka riƙe shi ne jirgin, ba alaƙar da ke tsakanin lambobin ba.

Daga baya na iske masu binciken halayyar koyo sun riga sun auna wannan. A 1980 Mary Gick da Keith Holyoak a Amurka sun ba ɗalibai wata tsohuwar tambaya: likita yana son ƙona ƙari a cikin majinyaci da haske mai ƙarfi, amma hasken da zai iya ƙona ƙarin zai lalata naman da ya ratsa. Kusan mutum ɗaya cikin goma ne ya gano mafita, wato a aika raunanan haske daga kusurwoyi da yawa su haɗu a kan ƙarin. Wasu ɗaliban kuma an fara ba su labarin wani kwamanda da ya rarraba rundunarsa ƙungiya-ƙungiya ta hanyoyi daban-daban suka haɗu a ganuwa lokaci guda, saboda kowace hanya an binne mata nakiyar da babbar runduna za ta tayar. Ko da wannan labari a hannunsu, kusan uku cikin goma ne kawai suka ga alaƙar da kansu, sai da aka ce musu su yi amfani da labarin sannan kusan kashi uku cikin huɗu suka warware. A 1983 masu binciken nan suka nuna cewa idan aka ba mutum labari biyu masu ƙashin baya ɗaya aka sa shi ya faɗi abin da ya haɗa su, ya fi saurin kai darasin zuwa sabuwar matsala. Akwai kuma aikin John Sweller da Graham Cooper a Ostareliya a 1985, wanda ya nuna cewa sabon ɗalibin aljabara ya fi amfana da nazarin misalan da aka riga aka warware a kan a jibga masa tambayoyi ya yi ta fama, da na Michelene Chi da abokan aikinta a 1989, wanda ya nuna cewa ɗaliban da suka fi cin moriyar misali su ne masu tsayawa a kowane mataki suna bayyana wa kansu dalilinsa.

Tun daga nan na daina kawo misali shi kaɗai. Ina ajiye jiragen da famfunan gefe da gefe a allo, in ce a gaya mini abin da ya haɗa su, sannan in kawo na uku mai kama da su a fuska amma ya saɓa a ciki, in ce a gaya mini abin da ya raba su. Darasin yana tafiya a hankali, har wasu abokan aiki suna yi mini tsiya cewa ba zan gama manhaja ba. Wani zangon da gaske ba na gamawa, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Akwai wani wasa da nake buɗe shekara da shi, wanda Peter Wason ya ƙirƙira a Ingila a 1960. Nakan rubuta 2, 4, 6, in ce akwai doka a zuciyata da waɗannan lambobi suka bi, kowa ya kawo nasa lambobi uku in gaya masa ko sun bi dokar ko ba su bi ba. Sai a fara: 8, 10, 12, na ce sun bi, 20, 22, 24, na ce sun bi, 100, 102, 104, na ce sun bi. Nan take wani zai miƙe da fara'a ya ce doka ita ce ƙarin biyu-biyu, in ce a'a. Dokar ba ta wuce lambobi uku masu hawa ba, ko da 1, 7, 500 ne. A gwajin Wason, shida ne kawai cikin ɗalibai 29 suka faɗi dokar daidai a karon farko. Abin da nake so yara su gani shi ne cewa duk misalan da suka kawo sun zaɓe su ne don a ce musu e, babu wanda ya kawo wanda yake tsammanin za a ce masa a'a, alhali shi ne kaɗai zai ƙara musu sani. Shekara da shekaru ina wannan wasa, kuma ba kasafai mai ƙoƙarin aji ne ke fara kawo 6, 4, 2 ba. Yawanci wani ne daga baya wanda ba ya tsoron a yi masa dariya.

Inda wannan tarbiyya ta fi yi mini rana ba a aji ba ne, a gida ne, lokacin da likita ya tabbatar wa yayana cewa yana da hawan jini, ya ɗora shi a kan maganin da zai riƙa sha kullum. Ba a jima ba masu fatan alheri suka fara zuwa da labarai. Kawunmu, mutumin kirki wanda ba ya ƙarya, ya zaunar da shi ya lissafa masa mutum uku da ya sani da kansa, waɗanda suka watsar da ƙwayoyin asibiti kuma ga su nan garau suna harkokinsu. Ya rufe da cewa gani ya kori ji. Na ga maganar ta shiga Yaya, domin dama ya gaji da haɗiyar magani alhali ba ya jin ciwon komai.

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Amma ina roƙon a ba ni amsar abu biyu. Waɗanda suka bar magani ɓarin jikinsu ya shanye, ko suka riga mu gidan gaskiya, wa zai zo ya ba mu nasu labarin? Sannan su ukun nan, an auna jininsu bayan sun bari, ko dai jikinsu ne ya gaya musu sun warke?" Kawu ya ce ai mutum ya san jikinsa. A nan gizo ke saƙar, domin hawan jini yakan daɗe yana ɓarna a jijiyoyi da ƙoda da zuciya ba tare da mai shi ya ji komai ba, don haka jin garau ba shaida ba ce a wannan ciwo, ko ga mai shan magani ko ga wanda ya bari.

Na ba su labarin likitocin Turai, waɗanda suka shafe ƙarnoni suna yanka jijiyar majinyaci su zubar da jininsa, kuma kowannensu yana da jerin mutanen da ya yi wa haka suka tashi. Wani likita a Paris mai suna Pierre Louis ya zauna ya ƙirga har da waɗanda ba su tashi ba. A abin da ya wallafa a 1835 ya duba masu ciwon huhu 77, ya tarar cewa cikin waɗanda aka zubar wa jini a kwanakin farko na ciwon kashi 44 cikin ɗari sun mutu, cikin waɗanda aka jinkirta wa kuwa kashi 25. Likitocin da suka gabace shi ba maƙaryata ba ne, da idonsu suka ga waɗanda suka warke, sai dai ba su taɓa jera su kusa da sauran ba.

Kawu ya saurara cikin haƙuri, ya ce ni dai boko ya yi mini yawa. Yaya kuwa bai ce komai ba, kuma na fahimci cewa majinyatan Paris na kusan shekara 200 da suka wuce ba su da nauyin mutum uku da ya san fuskokinsu. Hujjata ta tsaya daram, amma ba ta da fuska. Saboda haka na samo masa na'urar awon jini ta hannu da ɗan littafi, na ce, "Yaya, kada ka ɗauki maganata, kada kuma ka ɗauki ta Kawu. Ka auna safe da yamma ka rubuta, ka kuma rubuta yadda kake ji a jikinka a gefe." Ban ce ya bar magani don gwaji ba, wannan ba abin wasa ba ne. Amma shi da kansa yakan manta, wani lokaci kuma maganin ya ƙare kafin ya sayo wani, sai littafin ya kama waɗannan ranaku. Bayan wani lokaci ya kira ni ya buɗe mini shafin. A kwanakin da ya yi fashi lambobin sun haura 140 bisa 90, iyakar da likitansa ya ja masa, a wasu wuraren ma da nisa, amma a gefen kowannensu da rubutun hannunsa an sa "lafiya lau". Ya daɗe yana kallon layin nan biyu, sannan ya ce, "Ashe jikin nan ba ya faɗa mini gaskiya."

Da littafin ya koma wurin likita, aka duba aka daidaita masa awon maganin, kuma har yau yana sha yana rubutawa. Kawu bai sauya ra'ayi ba. Duk lokacin da ya zo yakan kawo sabon labarin wani da ya bar magani ya warke, Yaya ya saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ya ɗauko na'urar ya ce, "Kawu, kawo hannunka mu gani." Ya zuwa yanzu Kawu bai yarda ya miƙa hannun ba.